Yadda na kama hayar gida a Maitama, daga hannun dillali zuwa watannin farko na zama

Duk wanda ya zo Abuja da niyyar kama haya a Maitama ko Asokoro, tambayarsa ta farko ita ce nawa ne kuɗin shekara. Da ita na fara ni ma a watan Yunin 2025, daga baya na gane ba a nan gizo ke saƙar ba. Kuɗin haya kowane dillali ya haddace shi. Abin da ke kayar da mutum su ne kuɗaɗen da ke biye da shi, da takardun da ba wanda zai nuna maka sai ka nace.

Matakin farko shi ne dillalai, kuma a nan ake fara zubar da kuɗi tun kafin a ga ƙofar gida. Kowace fita akwai kuɗin dubawa, ni na riƙa biyan naira 10,000, ko gidan ya yi ko bai yi ba. Cikin mako uku na ga gidaje tara. Abin da na lura da shi tun fita ta biyu shi ne, dillalin da ka kira sau da yawa ba shi ne mai gida ya ba amana ba. Shi ya ji a bakin wani, wannan ma ya ji a bakin wani, sai ka isa bakin get ka tarar da mutum huɗu suna jira, kowa yana sa ran kasonsa. Daga nan na canja tambaya: wa ke riƙe da makulli, kuma wa ke da takardar da mai gida ya rubuta cewa ya wakilta shi? Wanda ya fara kame-kame a kan wannan, ba na sake fita da shi. Akwai kuma maganar da kusan duk suka yi min, kamar a makaranta ɗaya suka koya: "Yallaɓai, akwai wanda zai biya gobe da safe." Gidan da aka fara faɗa min haka a kansa, bayan wata biyu na wuce ta layin, allon haya na nan rataye.

Na yi sa'a neman ya faɗo a damina, domin ruwan sama ba ya rufa wa gini asiri. Yawancin gine-ginen Maitama ba sababbi ba ne, tana cikin unguwannin kashi na farko na birnin tare da Asokoro da Garki da Wuse, kuma fenti na ɓoye shekaru. Idan ka shiga, ɗaga kai ka dubi silin, musamman kusurwoyi da saman banɗaki. Shafa ƙasan bango da tafin hannu, in ka ji sanyi ko fenti ya kumbura, danshi ne ke tasowa, kuma zai cinye maka bayan kabad da ƙafar gado cikin damina ɗaya. Buɗe famfunan gidan duka a lokaci guda ka ga ko ruwan zai ci gaba da zuwa da ƙarfi, musamman in a bene na sama ne. Ja ruwan kowane masai. Kunna kowace na'urar sanyaya ɗaki ka bar ta minti goma, saboda wadda gas ɗinta ya ƙare ma tana hura iska a minti biyun farko. Unguwar tana da tudu da gangare, don haka gidan da ke ƙasan layi a duba ina ruwan sama ke bi in ya gangaro. Sannan ka koma da dare ba tare da dillali ba. A wani gida mai kyau da na kusa biya, ɗakin janareta yana jingine da bangon babban ɗakin kwana, abin da ba za ka taɓa sani ba da rana tsaka in akwai wuta.

Da na tsayar da gida, mai ɗaki uku a bene na biyu cikin gini mai gidaje shida, na nemi a ba ni takardar tayi a rubuce. Kwana biyu ta ɗauka. A baki an ce min miliyan 15, a takarda kuwa ga abin da ya fito: haya naira miliyan 15, kuɗin dillali kashi 10 cikin ɗari wato miliyan 1.5, kuɗin lauyan mai gida kashi 5 wato 750,000, kuɗin ajiya na ɓarna da suke kira koshin miliyan 1, sai kuɗin hidimar gini, wato sabis caji, miliyan 3. Jimla miliyan 21 da dubu 250. Sai da na ajiye takardar na sha ruwa. Da farko ma shekara biyu aka nema a dunƙule, aka dawo shekara ɗaya bayan na nuna zan tafi. Kuɗin dillali da na lauya ana taɓa su in ka yi ciniki, kuma sau ɗaya ake biyansu, kada wani ya sake kawo maka su a lokacin sabuntawa. Sabis caji kuwa kowace shekara ne, kuma shi ya fi saurin hawa.

Kafin in saki ko sisi na ɗauki lauya nawa. Mutane da yawa suna ganin tunda sun biya kuɗin lauya a cikin jerin nan, ai suna da lauya. Wancan na mai gida ne, kai ka biya shi amma ba kai yake karewa ba. Nawa ya ce min, "Alhaji, kada ka tura komai sai na ga takardar mallaka da rasit na harajin ƙasa." Dalilinsa a fili yake a lokacin. A watan Maris na 2025 ministan Abuja, Nyesom Wike, ya amince da soke takardun mallaka 4,794 a tsofaffin unguwannin birnin, ciki har da Maitama da Asokoro da Guzape, saboda masu su sun shekara goma ko fiye ba su biya harajin ƙasa ba. A ƙarshen watan Mayu aka fara garƙame wasu gine-ginen, har da hedikwatar jam'iyyar PDP da ke Wuse, kafin shugaban ƙasa ya ba da wa'adin kwana 14 a biya. Wannan haraji a wuyan mai gida yake, amma ranar da aka zo da kwaɗo, ɗan haya ne zai kwana a waje.

Binciken takardar mallaka ana yin sa ne a ofishin AGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filayen Abuja tun 2003. Lauya ya nemi kwafin takardar mallaka, da wasiƙar amincewa daga mai sunan da ke kanta, da kwafin katin shaidarsa, ya haɗa da takardar neman bincike da shaidar biyan kuɗi. Mu muka jawo wa kanmu jinkiri: zuwan farko babu wasiƙar amincewa, mai gidan kuma yana ƙasar waje, sai da aka yi kwana biyar kafin ta iso. Sakamakon ya nuna abubuwa uku da ake buƙatar sani, wato sunan mai filin, da amfanin da aka ware shi dominsa, da ko an jinginar da shi a banki. Na biyun yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin akwai gidajen zama da aka mayar ofisoshi ko masauki ba tare da izini ba, kuma irin waɗannan ne hukumar kula da tsarin gine-gine ke bi. A namu, sunan da ke takardar na mahaifin wanda ke ba da hayar ne, kuma ya rasu. Wannan ba laifi ba ne, haka gidaje da yawa suke a unguwar, amma sai da muka ga takardar kotu ta kula da dukiyar mamaci mai ɗauke da sunan ɗan nasa kafin mu ci gaba. In ba haka ba, wata rana wani magajin zai iya buga maka ƙofa ya ce bai san da zamanka ba.

Yarjejeniyar haya shafi goma sha ɗaya ce, kuma sai da ta je ta dawo sau uku. Wurare huɗu muka tsaya a kai. Na ɗaya gyara: mun rubuta cewa rufi, da bututun da ke cikin bango, da babban layin wuta na mai gida ne, ƙananan abubuwa irin su kan famfo da ƙwan fitila da wanke na'urar sanyaya ɗaki nawa ne. Na biyu koshin: a daftarin farko an ce za a mayar bayan an tashi, babu ranar, muka sa kwana 30 tare da jerin abin da aka cire da rasit ɗinsa. Na uku wa'adin tashi. A dokar da ke aiki a Abuja, ɗan hayar shekara-shekara yana da notis na wata shida in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, amma in aka rubuta hayar a matsayin ta ƙayyadadden lokaci, da ranar ta cika ta ƙare, abin da ya rage maka notis ɗin kwana bakwai ne kawai. Kalma biyu ce ke raba waɗannan, kuma ba za ka gan su ba in ba an nuna maka ba. Na huɗu ƙarin kuɗi: muka sa dole a sanar da ni a rubuce wata uku kafin ƙarshen shekara. Bayan sa hannu aka kai ta aka buga mata hatimin haraji, kashi 0.78 cikin ɗari na kuɗin haya ga yarjejeniyar da ba ta wuce shekara bakwai ba, wato naira 117,000. Mutane na tsallake wannan, sai ranar da aka je kotu a fara neman yadda za a gyara.

Wajen biya, ta banki na tura komai, kuma kowane kuɗi da asusunsa. Haya da koshin suka shiga asusun da sunansa ya yi daidai da na yarjejeniya, sabis caji ya tafi wa kamfanin da ke kula da ginin, na dillali ya tafi wa mai takardar wakilci shi kaɗai, su raba a tsakaninsu. Dillalin ya so in tura duka wurinsa ya rarraba, wai don sauƙi. Na ce masa sauƙin ya yi yawa. Rasit huɗu na karɓa, kowanne da kwanan wata da lokacin da kuɗin ya ƙunsa.

Ranar karɓar makulli na zo da takarda da biro, muka zagaya da manajan ginin ɗaki bayan ɗaki. Muka rubuta na'urorin sanyaya ɗaki biyar da halin da kowacce ke ciki, hita uku, tayil biyu da suka tsage a kicin, ƙofar kabad ɗaya da ta saki, muka ɗauki hoto, mu biyu muka sa hannu. Awa ɗaya da rabi ya ci, kuma wannan takardar ce kaɗai za ta dawo min da miliyan ɗayan nan. Na canja makullan ƙofar gaba da ta baya a ranar.

Mita ce ta fara ba ni wahala. Na sayi wuta ta waya, na danna lambobi 20 ɗin, ta ƙi karɓa. Na sake, ta ƙi. Ashe gidan ya daɗe a rufe, tun kafin 24 ga Nuwamban 2024, ranar da aka tsayar don sabunta mitocin kati, kuma ba wanda ya sabunta wannan. Washegari na je ofishin AEDC, kamfanin rarraba wutar Abuja, da lambar mitar, aka ba ni jerin lambobi biyu masu 20 kowanne, ba a karɓi kuɗi ba. Ana shigar da na farko, sai na biyu, sannan katin da aka saya, a jere haka ba a juyawa. A nan kuma na gano tsohon ɗan haya ya bar bashi a kan asusun, ana yankar wani kaso duk lokacin da aka sayi wuta. Na kai wa mai gida takardar, ya biya daga koshin ɗin wancan. Da na nemi a buga min bayanin asusun mitar kafin sa hannu, da duk wannan bai taso ba. Layinmu yana rukunin A, wanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, kuma tun Afrilun 2024 aka ɗaga farashinsa daga kimanin naira 68 zuwa 225 kowane yunit, daga baya ya tsaya a 209.5. In ka haɗa da harajin kashi 7.5, a lokacin naira 100,000 tana ba ka yunit 444 ko kusa da haka. Na'urar sanyaya ɗaki matsakaiciya tana shan yunit ɗaya da ɗoriya a awa. Uku in suka kwana a kunne, ga firji da firiza da hita, kwana goma sha biyu katin ya ƙare. Hita ita ce ɓarauniyar da ba a gani, a kunna ta minti ashirin kafin wanka a kashe.

Sai sabis caji, wanda na ɗauka ya ƙunshi komai. A mako na biyu aka turo takarda ana neman kuɗin dizal. Da na koma na karanta da kyau, miliyan ukun na albashin masu gadi ne, da mai shara, da mai kula da fulawa, da fitilun harabar gida, da gyaran janareta da injin tura ruwa sama. Man da janaretan zai sha dabam ne. Lissafinsa ba wuya: injin mai ƙarfin 100 kVA yana shan wajen lita 15 a awa, in ya yi awa huɗu a rana lita 1,800 ke nan a wata, a raba gida shida kowa lita 300. Ko da a naira 1,000 aka sayi lita, ka ga 300,000 ta tafi. Abin da ya fi ciwo shi ne rabon daidai ake yi, mai na'ura biyu da mai bakwai kuɗinsu ɗaya, wanda ya yi tafiya wata guda ma sai ya biya. A taron mazauna na farko da na halarta muka amince a sa wa kowane gida ƙaramar mita a layin janareta, kuma a riƙa auna tankin da sanda a gaban mutum biyu duk ranar da aka kawo mai, a rubuta a littafi. Wata na gaba kuɗin ya sauka, ba wanda ya ce uffan a kan dalili. Mai shirin shiga irin wannan gini ya nemi ganin lissafin sabis caji na shekarar da ta wuce da jadawalin awannin janareta kafin ya biya. In aka ce babu, wannan ma amsa ce.

Cikin wata na biyu takardu suka fara taruwa wurin maigadi. Ta hukumar ruwa, domin unguwar tana shan ruwan madatsar Usuma ta famfo. Ta hukumar kula da muhalli, AEPB, wadda ta haɗa kwashe shara da kuɗin magudanar bahaya, tunda gidajen wannan yanki suna haɗe da babban bututu ne maimakon sokawe. Sai ta harajin gini daga ƙaramar hukumar AMAC. Kowacce ka duba yarjejeniyarka ka ga a wuyan wa take, kuma ka duba ko akwai tsohon bashi a ciki. Akwai kuma masu zuwa da riga mai tambari da rasit a hannu, suna neman kuɗi a take da sunan wata hukuma. Na gaya wa maigadi ya karɓi takarda kawai, ba a ba kowa tsabar kuɗi a bakin get, ni zan je ofishin da aka ambata in tabbatar sannan in biya ta banki. Biyu daga cikin masu zuwan ba su sake dawowa ba.

Akwai tsadar da ba ta zuwa a takarda. An hana acaɓa a tsakiyar birnin tun 2006, kuma babu mai shago a bakin layi da za ka aiki yaro ya sayo magi. Komai sai an tada mota. Kasuwar 'ya'yan itatuwa ta Maitama tana kusa kuma kayanta na da kyau, amma farashinta na masu unguwar ne, don haka cefanen wata a kasuwar Wuse ko Utako muke yi, kifi a Kado. Masu aikin gida da direbobi kusan duk daga Mpape ko Kubwa ko Nyanya da Mararaba suke zuwa, kuma in ba ka sa kuɗin mota a kan albashi ba, ba za su daɗe ba, ba don rashin amana ba, lissafin ne ba ya fita. Ɗakin baya na masu aiki, in gidan yana da shi, a tabbatar an rubuta shi a yarjejeniya, don wasu masu gidan suna ba da shi haya dabam. Dokokin gini ma a karanta su: namu ya hana shanya a baranda ta gaba, ya hana aikin guduma bayan ƙarfe shida da ranar Lahadi, baƙo kuma sai an kira ka a waya kafin a buɗe masa. Wannan na ƙarshen sai da na yi wa 'yan uwa bayani tun kafin su zo, domin dattijon da ya taso daga Kano aka tsayar da shi a get ana tambayarsa wa yake nema, ba zai manta ba. Maganar inda za a ɗaure rago da inda za a yanka a kai ta taron mazauna tun da sauran lokaci, kada a bari sai daren sallah.

Maƙwabtaka kuwa ba irin wadda muka sani ba ce. Wata uku na yi ban san sunan wanda ke ƙasana ba, sai dai motarsa. Wanda ya san kowa shi ne maigadi, shi zai gaya maka wane gida aka yi haihuwa, wane aka yi rashi, wane mai gyaran famfo ne ba ya cuta. Sai masallaci, inda sahun asuba ke haɗa mai gidan da direbansa da mai wankin motar layin baya.

In zan sake daga farko, zan ɗora kashi 40 cikin ɗari a kan duk kuɗin hayar da aka faɗa min kafin in ce zan iya, sannan in ware na wuta da dizal na wata-wata dabam. Zan nemi takardu huɗu tun ranar da gida ya kwanta min, kafin a fara maganar ciniki: takardar wakilcin dillali, kwafin takardar mallaka da rasit na harajin ƙasa, bayanin asusun mita, da lissafin sabis caji na bara. Rasit na haya da yarjejeniya mai hatimi kuma a adana su da kyau, domin sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta ba ɗan haya damar cire kashi 20 cikin ɗari na hayar shekara daga kuɗin shigarsa da ake yanke wa haraji, iyakarsa naira 500,000, kuma sai ka bayyana abin da ka biya za a cire maka. Nawa suna cikin fayil ɗaya da takardar zagayen da muka sa wa hannu da manaja, da hotunan tayil biyun nan na kicin.